Eriya a Cikin Dogon Yaro

Ranar Alhamis ce, ƙarfe biyar na yamma ta ɗan gota, a watan da ake dashen albasa, 'yan shekaru bayan an tare ruwan Rima a Goronyo. Wurin zaman ƙofar wani gida ne a Wurno, inda ake shimfiɗa tabarma biyu a dafa shayi. Mu biyar muka hallara. Akwai mai gidan, wanda muke kira Jagora. Akwai malamin gona, mutumin Rabah, da malamin asibiti mai zuwa daga Goronyo a kan babur. Akwai malamin lissafi na makarantar garin, wanda abin ya faɗa wa. Sai ni, da gidan rediyo ya turo in riƙa aika labaran noman rani, ban daɗe da kama aiki ba.

Mun ɗauki kanmu 'yan ci-gaba. Ba ma durƙusa wa mai dukiya, ba ma sa riga mai aiki, ba ma zuwa walimar 'yan kwangila ko da an aiko mana da goro. Jagora ɗan babban gida ne, kakanninsa malamai da alƙalai. Ya yi karatu a birni, ya dawo ya zauna a gidan ƙasa da gangan. Mutum ne mai yawan karatu, kuma ban taɓa jin ya ci abin kowa ba. Idan manoma suka rasa mai yi musu magana a kan rabon ruwa, wurinsa suke zuwa.

Malamin lissafi kuwa ɗan manomi ne daga wani ƙauye a gefen tafkin madatsar. A garin da kowa ya san kakan kowa, wannan tabarma ce kaɗai wurin da yake zama gwiwarsa na gugar ta ɗan babban gida, ya ce masa ba haka ba ne, a kuma saurare shi. Ba shi da wata majalisa. Abokan aikinsa na makaranta sun daina kiransa hirarsu tun da ya shiga tamu, shi ma bai nemi su kira shi ba. Shi ke fara zuwa, shi ke wanke kofuna, kuma shi kaɗai ne a cikinmu mai dariya har da hawaye.

Muna da wata al'ada da muke kira zaman tsakiya. Wanda ya yi abin da bai dace da ɗan ci-gaba ba, sai ya tashi daga gefe ya zauna inda tabarman biyu suka haɗu, a kifa kofinsa. Kowa ya faɗi laifinsa bi da bi, shi kuwa ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. An taɓa zaunar da malamin gona saboda ya karɓi buhun shinkafa daga wani mai injin ban ruwa. Ya mayar da buhun, aka buɗe kofinsa, aka wuce wurin da dariya. Sabon shiga ba shi da baki a zaman tsakiya sai kaka ta zagayo a kansa. Ni ne sabon shiga. Aikina in zo da rediyo, in kuma taƙaita labarai ga wanda ya makara.

Babu abin da majalisar ta tsana kamar talabijin. Tare da aikin madatsa ya shigo yankin. Hoton daga Sakkwato yake zuwa, kuma ba ya kamuwa sai an ɗaure eriya a kan doguwar gora an kafa ta bisa soro, saboda haka ba abin da ake ɓoyewa ba ne. Tun daga bakin gari za ka gane gidajen da suka samu kwangilar yashi da dutse, gorarsu na tsaye a sama. Da la'asar idan aka buɗe tasha, yaran unguwa su yi cincirindo a taga, mai gida ya kore su ko ya ƙyale su, gwargwadon yadda ya wuni.

Jagora yakan ce rediyo yana barin mutum da hannunsa da idonsa, ka rataya shi a wuya ka ci gaba da ban ruwa. Wancan akwati kuwa sai ya karɓe ido, ya zaunar da kai, ya nuna maka abincin da ba za ka ci ba. Masu kallo 'yan zuru muke kiransu, saboda zuru da ido da suke yi wa akwatin. Idan ɗayanmu zai wuce shagon da aka kunna shi, yakan kau da kai yadda kowa zai ga ya kau. Malamin asibiti yana alfahari cewa bai taɓa ganin akwatin a kunne ba, kuma yakan maimaita wannan ga duk baƙon da ya zauna da mu.

A makon nan wani babban baƙo daga birni ya zo duba magudanan ruwa a Goronyo, ranar Talata da hantsi. Ina wurin, can baya, riƙe da na'urar ɗaukar magana. Da baƙon ya sunkuya zai leƙa ruwa, iska ta ɗauke hularsa ta jefa ta cikin magudana. Ban sa wannan a rahotona ba, rediyo ba ya ba da labarin hula. Ban kuma faɗa wa kowa ba, don kafin in iso Wurno na manta.

Ranar Alhamis ɗin Jagora yana bayani a kan ziyarar, yadda aka share hanya, aka jero manoma masu sababbin riguna. Sai malamin lissafi ya tuntsire da dariya.

"Ku bar zancen hanya, ku yi zancen hula!" in ji shi. Ya miƙe, ya sunkuya kamar mai leƙa ruwa, ya kai hannu sama yana cafkar iska. "Sai sunka matso da huskatai. Ga gumi ga goshi, ga sanƙo na walƙiya, shi ko shina murmushi kamar ba hulatai ta ruwa ad da ita ba!"

Muka yi dariya, har Jagora. Malamin gona ne ya fara dainawa.

"Malam, ina kake ran Talata?"

"Ina aji. Mi?"

"To su wa sunka matso maka da huskatai cikin aji?"

Jagora ya juyo gare ni. "Ɗan rediyo, kai kab ba shi labari?"

Na ce a'a, domin ban ba shi ba. Ni da nake wurin ma ban ga gumin ba.

Malamin lissafi yana tsaye, hannunsa bai gama saukowa ba. Bai iya ƙarya ba, kowa ya san haka. Jagora ya miƙa hannu ya kifa kofinsa da sauran shayi a ciki, shayin ya bi saƙar tabarma. Malamin ya zauna a tsakiya ba tare da an ce masa ya zauna ba.

Da aka tambaye shi, ga abin da ya faɗa. Mahaifinsa manomi ne, fadamarsa na cikin waɗanda ruwan tafki ya rufe. A wannan shekarar kuma sanƙarau ya kama shi. Ya tashi, amma kunnuwansa ba su tashi ba. Ɗan ya ɗauko shi ya kawo shi Wurno. Tsohon da ya saba fita tun asuba sai ya koma zaman zaure yana kallon bango. Mutane sun gaji da ɗaga murya, sun koma ɗaga masa hannu su wuce. An ba shi rediyo, ya jujjuya shi, ya mayar. Da wani direban aikin madatsa zai koma garinsu, malamin ya ba shi tunkiya, ya karɓi wani ƙaramin akwati mai hoto fari da baƙi tare da batirin mota.

"Ina eriya?" in ji malamin gona. "Kullum ta ƙofar gidanka nike bi, ban ga gora ba."

"Tana cikin dogon yaro. Ga reshe niɗ ɗaure ta."

"Batir hwa?"

"Cikin buhu nike kai shi caji."

"Buhun da kac ce mani dawa ta?"

"Shi na."

Malamin asibiti ne ya fara faɗin laifi. Shi ya yi jinyar tsohon lokacin sanƙarau, don haka ya yi magana kamar wanda aka ci amanarsa. "Kunne ya tahi, Malam, yanzu kana son ido shi bi shi? Ni nish sha wahalar tsohon ga. Ban tashe shi don shi zama ɗan zuru ba."

Malamin gona ya gyara zama. "Ashe da ɗan kwangila muke shan shayi ba mu sani ba. Ranka shi daɗe, Alhaji, kwangilar mi anka ba ka? Ta tunkiya?"

Jagora ne na ƙarshe, kuma bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗagawa ba.

"Kowa na da tsoho. Ɗan kwangila ma in ka tambaye shi, don yara yas saya. Mutum ruwa ya ci gonatai, kai ko ka zaunar da shi gaban akwati shi kalli waɗanda sunka ci ribar ruwan suna washe baki. Wanga ɗaya ke nan. Na biyu ya hi shi muni. Da ka kahwa gora bisa soro, da mun ce kuskure na. Amma icce kah hau kaɓ ɓoye. Wanda yaɓ ɓoye ya san abin da shike yi."

Aka tambaye shi ko yana da ta cewa.

"Ni ban cika kallo ba," in ji shi. "Zama nike kusa da shi."

"Kusa ƙwarai," in ji malamin gona, "tunda har ka ga gumi."

Aka yanke cewa majalisa za ta je ta gani da idonta ranar Asabar, lokacin da ake buɗe tasha. Kofin zai zauna a kife kafin nan.

Mun je bayan sallar la'asar. Gidan na ƙarshen unguwa, dogon yaro mai duhun ganye ya rufe rabin katangarsa. Na ɗaga kai na duba, ban ga komai ba sai da malamin ya nuna mini da haɓa. Wayar ta bi bayan reshe, an shafe ta da laka, ta shiga ta tagar zaure.

Tsohon na zaune a kan buzu, doguwar ƙafarsa ɗaya a miƙe. Akwatin na kan turmin da aka kifa, batirin a ƙasa. An kashe muryar gaba ɗaya, tunda ba ta da amfani ga mai kallon, kuma shi ya sa maƙwabta ba su taɓa ji ba. Da ya gan mu ya yi murna ƙwarai. Ya san abokan ɗansa ne, manyan mutane masu karatu, kuma ba su taɓa zuwa ba. Yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Maraba da malamai! Maraba! Kun zo daidai, yanzu ɗiyata za ta hito. Ku zamna, ku zamna!"

Ɗiyar tasa ita ce mai karanta labarai. Ta fito da ɗankwalinta, ta dubi gaba, bakinta ya fara motsi. Tsohon ya ɗaga mata hannu.

"Kun gan ta? Yarinya mai ladabi. Kullum sai ta zo. Ita ɗai ka duba huskata ta yi mani magana mai tsawo, ba ta gajiya. Yau ta canza kallabi."

Ba a shirya yadda za a zauna ba, amma Jagora ya zauna ya ba akwatin baya, sauran biyun suka bi shi. Zauren ƙarami ne. Ba wa akwatin baya na nufin zama tsakaninsa da tsohon. Ni na samu wuri a bakin ƙofa, a karkace, ina ganin kowa.

Tsohon ya karkata hagu. Kafaɗar malamin asibiti ta tare shi. Ya karkata dama.

"Ku jirkito, malamai, tana bayanku! Ba nan ba, can!"

Suka yi masa murmushi. Malamin gona ya matsa kusa, ya kama hannunsa da hannu biyu kamar mai gaisuwar girmamawa, fuskarsa a sake, ya ce da murya ta yau da kullum:

"Baba, ruwa ya ci gonakka, akwati ya ci hankalinka. Saura mi?"

"Amin, amin," in ji tsohon. "Allah shi yi maka albarka."

"Baba, ɗiyar taka ta san da kai? Ko mu kai mata goro?"

"Lahiya lau, lahiya lau. Sai godiya."

Malamin asibiti ya danne dariya da gefen riga. A daidai lokacin malamin lissafi ya shigo da ƙwaryar fura, ya ji duka. Ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a gaban baƙi. Da mahaifinsa ya dube shi, sai ya yi murmushi shi ma, don kada tsohon ya ga wani abu a fuskarsa. Ya riƙe murmushin har muka tashi.

Jagora bai yi dariya ba. Ya ce wa malamin gona ya isa. Sannan ya fuskanci tsohon ya yi masa bayani a natse, yadda yake yi wa manoma: su wa ke da tashar, don wa ake nuna hoton, me ya sa talaka ya kamata ya tsare idonsa. Bayani ne mai kyau, mai tsari, na taɓa jin sa. Tsohon ya zuba wa bakinsa ido yana gyaɗa kai. Ina tsammanin ya ji daɗin wannan fiye da komai a ranar, don ga wani mutum na biyu ya dubi fuskarsa yana yi masa magana mai tsawo. Da Jagora ya gama, ya laluba aljihu ya ba shi goro.

"Wanga yaro na da hankali," ya ce wa ɗansa, muryarsa ta cika zauren. "Ka riƙe shi."

A ƙofar gida Jagora ya faɗi sharuɗɗan. A sauke eriya da rana ƙiri-ƙiri, a gaban majalisa, tunda a ɓoye aka hau da ita. Batirin kuma a kawo shi ya yi wa jama'a aiki, ya riƙa tada rediyon majalisa.

"Ku bari sanyi shi wuce," in ji malamin lissafi. "Da zahi shina iya zama waje shi ga mutane. Yanzu ba shi hita."

"Ba mu tilasta kowa, Malam," in ji Jagora. "Tabarma na nan, akwati na nan."

Alhamis ta zo bai zo ba. Ta gaba ma haka. Nakan gan shi da yamma yana wucewa a kan keke ta bakin layin, ya rage gudu, ya yi sallama daga nesa. Ana amsa masa sallamar, don ba a ƙin amsa sallama, ba a ƙara komai a kai. Kofinsa na nan a kife a gefen tire, malamin gona ba ya mantawa ya fito da shi ya kifa. Labarin ya fita gari. Abokan aikinsa na makaranta, waɗanda wasunsu ke zuwa gidajen 'yan kwangila kallo, su suka fi kowa jin daɗi. Wanda ya daina zama da su saboda 'yan zuru ne, ga shi an same shi da eriya a kan icce.

Wata Laraba ya tsayar da ni a kasuwa, wajen masu albasa. Ya rame. Bai tambaye ni ra'ayina ba. Ya ce in faɗa wa Jagora gobe da la'asar.

Muka tsaya a waje, ƙarƙashin dogon yaron, mu huɗu. Maƙwabta suka fito, mata suna leƙe ta kan katanga. Malamin ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya hau.

Duk mai talabijin a yankin ya san yadda ake gyaran eriya. Mutum biyu ke yi. Ɗaya ya hau yana juya ta, ɗaya ya zauna gaban akwati yana ƙwala masa kira, ya yi ko bai yi ba, har hoto ya tsaya. Haka uban da ɗan suka saba yi duk lokacin da iska ta karkata ta, sai dai da ba a sani ba, saboda ɗan ya koya wa tsohon jan igiya a madadin kira. Ranar nan tsohon ya hango ta taga ɗansa na hawa, ga kuma malamai sun taru. Ya ɗauka gyara aka zo yi, babban gyara, da masu ilimi a kai, ba na ɓoye ba, balle a ja igiya. Ya koma da sauri ya zauna a wurin aikinsa.

Malamin ya kwance igiyar farko. Eriyar ta sunkuya.

"Bai yi ba!" Muryar tsohon ta fito ta taga, duk unguwa na ji. "Ya yi yashi-yashi! Jirkita ta yamma!"

Ya kwance ta biyu.

"A'a! Ka ɓata! Maida ta inda take!"

Wani a cikin maƙwabta ya yi dariya, wata mata ta ce masa ya ji tsoron Allah. Malamin ya tsaya a kan reshe, eriyar a hannunsa, wayar na haɗe har yanzu. Iska ta ɗan juya ta, ko hannunsa ne ya juya, ban sani ba.

"Yawwa! Ya yi! Ga ta nan, ga ɗiyata! Riƙe nan, kak ka motsa! Ɗaure!"

Ya riƙe. Ya daɗe a haka, hannunsa a sama, ganye ya rufe fuskarsa. Malamin asibiti ya duba agogonsa, yana da tafiya zuwa Goronyo. Jagora ya ɗaga kai ya ce, a hankali, "Malam, rana na tahiya."

Malamin ya cire wayar.

"Ya ɓace! Ya ɓace dut! Kai, yaro, mi kat taɓa?"

Ya miƙo eriyar, malamin gona ya karɓa ya ɗaga ta sama don jama'a su gani. Sannan ya sauko, ya shiga zaure. Muna jin tsohon yana tambaya, ba ma jin amsa, don da hannu ake ba shi amsa. Daga baya na san abin da aka gaya masa: tashar ce ta lalace a Sakkwato, sai an gyara. Malamin ya fito rungume da batirin, babu buhu, ya ɗora a bayan kekensa ya tura har ƙofar Jagora. A ranar aka buɗe kofinsa. Jagora da kansa ya zuba masa shayi, ya ce majalisa ta yi alfahari da shi.

Ya dawo tabarma, amma ba yadda ya bar ta ba. Makon da ya biyo ya ce ruwa ya ragu a magudanar gabas. Malamin gona ya ce, "Ji kay yi ko gani?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, don ya nuna ya wuce wurin. Aka sake a kan farashin taki, aka sake a kan wata rasuwa da ya kawo labari. Ta kai duk abin da ya faɗa sai wani ya tambaya, wani lokaci tun bai rufe baki ba. Mai Eriya ya zama sunansa. Ɗalibansa suka ɗauka, sukan ɗora yatsu biyu a ka idan ya juya yana rubutu a allo.

Ni kuma nakan bi ta ƙofar gidansa idan zan tafi fadama. Tsohon ya san a gidan magana nake aiki, ɗansa ya taɓa nuna masa da hannu. Duk ranar da ya hango ni sai ya ƙwala kira.

"Yaro! Sun gyara?"

In girgiza kai.

"Ɗiyata hwa, lahiya take? Ba korar ta anka yi ba ko?"

In nuna masa lafiya take. Ya ce in gaishe ta idan na je. Akwatin na nan a kan turmi, an rufe shi da ƙyalle. Da la'asar yakan yaye ƙyallen ya zauna, ko da an gyara bai sani ba. Babu abin da ke cikin gilashin sai shi da ƙofar zaure.

Gab da damina aka sake yin zaman tsakiya, wannan karon a kan malamin asibiti, saboda ya je walimar wani ɗan kwangila ya ce jinya ta kai shi. Malamin gona ya faɗi nasa. Da layi ya zo kan malamin lissafi, ya gyara murya, sai Jagora ya ɗaga hannu.

"Na yi tunani a kan wanga," in ji shi. "Wanda yat taɓa ɓoye wa majalisa abu, ban ga yadda za shi hwaɗi laihin wani ba. Shi zamna, shi sha shayi, ɗan'uwanmu na. Amma baki, a dakata tukuna."

Malamin asibiti, daga tsakiya inda ba a magana, ya ce ya goyi baya. Ba a hana shi ba.

"Sai yaushe?" in ji malamin lissafi.

"Majalisa za ta gani."

"Ko ta ji," in ji malamin gona.

Daga ranar muka zama mu biyu marasa baki, ni da shi, a gefe ɗaya kusa da takalma. Ya ci gaba da fara zuwa, ya ci gaba da wanke kofuna. Dariyar ce ya daina. Da kaka ta zagayo aka ba ni baki, kamar yadda al'ada ta tanada. Shi ba a tada maganarsa ba. Ya jira Alhamis ɗin da ta biyo, da wadda ta bi ta, sannan ya nemi canjin wurin aiki.

An mayar da shi wata makaranta wajen Maikujera. Ranar tafiya motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan, aka ɗora gado da tukwane da buhunan gero. Tsohon bai yarda a sa akwatin cikin kaya ba, a cinyarsa ya riƙe shi, a naɗe cikin ƙyalle. Da ya gan ni ya tambaya ko can ma tashar ɗaya ce. Na gyaɗa kai. A cikin 'yan majalisa ni kaɗai na je, don Alhamis ce, ana zama.

Tsohon ya rasu a can kafin shekara ta zagayo. Malamin bai sake zuwa Wurno ba, in ban da karɓar takardunsa. Eriyar malamin gona ya lanƙwasa ta ya yi abin rataya buta. Batirin ya daɗe yana tada rediyon majalisa, kuma ni nake kai shi caji.